Iyafis mai araha: abin da ya kamata mai saye ya sani

A garuruwan Mungadi da Maiyama da Jega da Aliero na jihar Kebbi, kamar sauran sassan arewacin Najeriya, da wuya mutum ya shiga tashar mota ko kasuwa bai ga wani da abin sauraro saƙale a kunnensa ba.

Wannan ɗan abu, wanda jama'a suka fi sani da iyafis, shi ne ke haɗa kunne da wayar salula, ko ƙaramar na'urar MP3, ko kuma rediyon nan mai cin katin memori.

Yana cikin kayan laturoni mafiya araha a kasuwa, shi ya sa akasarin mutane ba sa wani dogon tunani kafin su saye shi. In ya lalace a jefar, a sayi wani.

Sai dai kuma yana cikin kayan laturonin da ke matuƙar kusantar jikin ɗan Adam, domin tazarar da ke tsakaninsa da dodon kunne ba ta kai santimita uku ba.

Don haka duk wanda ya tashi sauya iyafis, yana zaɓar wa kunnensa ne abin da zai yi sa'o'i da shi a kullum. Ji kuwa, idan ƙara ta lalata shi, ba ya dawowa.

Asalinsa

A shekarar 1910 ne wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin ya ƙera abin sauraro irin wanda ake ɗorawa a ka, a jihar Utah, kuma rundunar sojin ruwan Amurka ce ta fara sayensa da yawa.

A cikin shekarun 1950, lokacin da ƙananan rediyoyi masu batir suka fito, an riƙa haɗa su da ɗan abin sauraro na kunne ɗaya, domin mutum ya ji labarai ba tare da ya dami na kusa da shi ba.

Amma abin da ya sauya al'amura shi ne Walkman, ƙaramar na'urar kaset da kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fitar a ranar 1 ga watan Yulin 1979. Daga nan ne sauraro a kan hanya ya zama ruwan dare a duniya.

A shekarun 1990 masana a cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus suka jagoranci ƙirƙiro tsarin MP3, wanda ke matse sauti ya zama ƙarami ta yadda za a iya adana shi da yawa a wuri kaɗan.

An fitar da na'urar MP3 ta aljihu ta farko a Koriya ta Kudu a 1998, sannan a watan Oktoban 2001 kamfanin Apple ya fito da iPod, mai ɗaukar waƙoƙi kimanin dubu ɗaya, tare da farin iyafis ɗin da ya yi suna a duniya.

Kamfanin ya daina ƙera iPod a watan Mayun 2022, bayan da wayar salula ta ƙwace wannan aiki.

Daga kaset zuwa memori

A ƙasar Hausa, kaset ne ya fara ba jama'a damar mallakar abin da suke son saurara.

Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta daɗe tana matsayin cibiyar buga kaset da rarraba shi zuwa garuruwan arewa da ma Jamhuriyar Nijar, kama daga karatun Alƙur'ani da tafsiri da wa'azi, zuwa waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos.

A wancan zamani sauraro na jama'a ne. Akan kunna rakoda a majalisa ko a teburin mai shayi, kowa ya ji.

Zuwan wayar salula Najeriya a watan Agustan 2001, da kuma shigowar wayoyin ƙasar Sin masu cin memori a shekarun da suka biyo baya, sun haifar da sabuwar sana'a ta masu turi, wato waɗanda ke zuba wa mutum karatu ko waƙoƙi ko fina-finai a memori, ya biya su.

Ta haka ne tafsirin malamai irin su marigayi Sheikh Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992, da marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a 2007, ya koma cikin aljihun ɗalibai da direbobi da manoma.

Da abin saurare ya koma aljihu, sai sauraron ma ya koma na mutum ɗaya, iyafis kuma ya zama dole.

A yankin Jega, garin da ya shahara da kasuwanci tun ƙarni na 19, kuma yake kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri da Kwantagora, akwai dalilai da dama da ke sa a nemi wannan kaya.

Akwai ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, masu sauraron darussa a ɗakunan kwana masu cunkoso. Akwai masu lodin albasa da direbobin da ke kai ta kudu, waɗanda ke kwana a hanya. Akwai kuma matan aure da ke bibiyar karatu ko littattafan Hausa da ake karantawa, suna cikin aikin gida.

Akasarin iyafis ɗin da ake sayarwa a waɗannan garuruwa ana ƙera su ne a ƙasar Sin. Sukan shigo ta manyan kasuwannin Legas irin su Alaba da Computer Village ta Ikeja, ko kasuwannin waya na Kano irin su Farm Centre da titin Beirut, kafin su iso hannun ƙananan 'yan kasuwa.

Me ya sa ake sauyawa?

A da, kusan kowace sabuwar waya tana zuwa da iyafis a cikin kwalinta. Yanzu ba kowace ba.

Kamfanin Apple ya daina saka shi a kwalin wayoyinsa a 2020, Samsung ya bi sahu a manyan wayoyinsa a 2021. Wanda kuma ya sayi waya ta hannu, galibi ita kaɗai ake miƙa masa.

Ko a inda aka bayar da shi kyauta, yawanci na roba mai tauri ne, wanda ba ya zama daram a kunne, kuma igiyarsa ba ta daɗewa.

Baya ga haka, faɗuwar darajar naira tun bayan da Babban Bankin Najeriya ya sake ta a kasuwa a watan Yunin 2023 ta sa duk kayan da ake shigowa da su sun yi tsada. Dalar da ake canzawa a kan kimanin naira 460 a hukumance kafin lokacin, ta haura naira 1,500 a cikin 2024.

Wannan ya sa mai saye ke neman abin da zai yi masa ƙarko, ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba.

Ire-irensa

Abin sauraro ya kasu gida uku.

Na farko shi ne babba wanda ake ɗorawa a ka ya rufe kunnuwa, wato hedifon. Yana da kyan sauti, amma yana da girma, kuma yana tara gumi a lokacin zafi.

Na biyu shi ne mai faɗin kai, wanda ke zama a bakin kunne kawai ba tare da ya shiga ciki ba. Shi ne irin wanda aka saba samu a kwalin waya.

Na uku shi ne mai ɗan hanci da aka sanya wa roba mai laushi, wadda ke shiga ramin kunne ta toshe shi.

Wannan na ukun ya samo asali ne daga na'urorin taimaka wa masu ƙarancin ji, da kuma abin da mawaƙa ke sawa a kan dandamali don su ji muryarsu a cikin hayaniya. A shekarun 1990 kaya ne mai tsada, amma yanzu yana cikin mafiya araha.

A cikin kowannensu akwai 'yar ƙaramar lasifika, wadda a iyafis faɗinta kan kama daga milimita 6 zuwa 14. Tana ƙunshe da maganaɗisu, da siririyar wayar tagulla da aka naɗe, da wani fallen roba mai kama da fatar ganga.

Idan lantarki ya ratsa wayar tagullar, sai fallen ya riƙa kaɗawa, ya tura iskar da ke cikin kunne, iskar kuma ta kaɗa dodon kunne. Wannan kaɗawa ita ce sautin da ake ji.

Toshewa, ba ƙara ba

Yawancin masu saye suna gwada iyafis ne ta hanya ɗaya: a ƙure murya, wanda ya fi ƙara shi ne mai kyau.

Wannan ma'auni kuskure ne, domin ƙara ita ce abu mafi sauƙi da kamfani zai iya samarwa, kuma ita ce ke cutarwa.

Abin da ke sa mutum ya ƙure murya shi ne hayaniyar da ke kewaye da shi. Wanda ke zaune kusa da janareto, ko injin niƙa, ko cikin motar haya, sai ya ɗaga sautin ya fi na hayaniyar kafin ya ji abin da ake faɗa.

Iyafis mai faɗin kai yana barin hayaniyar waje ta shiga kunne kusan baki ɗaya. Shi kuwa mai roba, idan ya zauna daidai, yana tare wani kaso mai yawa daga cikinta, don haka mutum zai ji karatu ko waƙa sarai da murya ƙasa-ƙasa.

A nan ne fa'idar sauyawa take. Iyafis mai araha da ya toshe kunne da kyau ya fi mai tsada da ke yin sako-sako.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ita ma tana ba da shawarar a yi amfani da wanda ya dace da kunne, kuma yake rage hayaniyar waje.

Galibi akan haɗo iyafis da robobi kashi uku: ƙanana, matsakaita da manya. Ya kamata mutum ya gwada duka, domin ramin kunnen mutane ya bambanta, wani lokaci ma na dama da na hagu ba girmansu ɗaya ba.

Alamar cewa roba ta zauna ita ce hayaniyar waje ta ragu tun kafin a kunna komai, kuma amon ganga ko tambari ya fito da kaurinsa. Idan sautin ya yi siriri kamar na gwangwani, robar ta yi ƙanƙanta.

Sai dai mai roba ma yana da nasa haɗari. Da yake ya fi kusa da dodon kunne, idan aka ƙure shi kamar yadda aka saba ƙure na da, ɓarnar da zai yi ba ta gaza ta wancan ba.

Ma'aunin ƙara

Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Raɗa kan kai kimanin desibel 30, hirar yau da kullum kimanin 60, ƙarar babur kuwa kimanin 95.

Na'urorin sauraro da yawa suna iya fitar da sautin da ya haura desibel 100 idan aka ƙure su.

Abin lura shi ne wannan ma'auni ba ya tafiya kamar na mudu. Duk ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau biyu, lokacin da kunne zai iya jure shi kuma ya ragu da rabi.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, suka fitar da ƙa'idar sauraro ba tare da cutarwa ba.

Ƙa'idar ta ce baligi zai iya sauraron desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako. Ga yara kuwa, desibel 75 ne na tsawon sa'o'i 40.

Idan sautin ya kai desibel 90, lokacin ya koma sa'o'i 4 a mako. Idan ya kai 100, kimanin minti 20 ne kacal a duk tsawon makon.

Ke nan wanda ya ƙure iyafis tun daga Jega har Birnin Kebbi, yana iya cinye rabonsa na mako guda kafin ya sauka daga mota.

Wasu ƙasashe sun daɗe da kafa doka a kan haka. Faransa ta taƙaita ƙarar irin waɗannan na'urori a desibel 100 tun 1996, abin da ya tilasta wa Apple janye iPod daga kasuwar ƙasar na ɗan lokaci a 2002.

Tun daga 2013 kuma, na'urorin da ake sayarwa a ƙasashen Tarayyar Turai suna zuwa ne a ɗaure a desibel 85, kuma sai sun yi wa mutum gargaɗi kafin ya wuce nan. Wannan shi ne asalin saƙon da ke fitowa a wayoyi da dama idan aka ɗaga murya, wanda akasarin jama'a ke dannawa su wuce.

Yadda ƙara ke lalata ji

A can cikin kunne akwai wani sashe mai kama da katantanwa, cike da ruwa, wanda ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin dubu 15.

Su ne ke mayar da kaɗawar sauti ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai yawa tana gajiyar da su, in abin ya daɗe kuma ta kashe su, kuma jikin ɗan Adam ba ya sake tsirar da wasu.

Matsalar ba ta zuwa da ciwo, kuma ba ta zuwa rana ɗaya, shi ya sa mutane ba sa ankara.

Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin na haruffan s da sh da ts da f. Mutum zai ji ana magana, amma ya kasa bambance "sa" da "sha" da "tsa", musamman a cikin taro.

Ga mai koyon tajwidi, wanda aikinsa ke nan tantance mafitar haruffa, ko malamin makaranta, ko ɗan kasuwar da ke ciniki a cikin hayaniya, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Alamun farko sun haɗa da jin ƙugi ko shuwa a kunne bayan an cire iyafis, da jin kamar an toshe kunne da auduga, da yawan cewa a maimaita magana, da kuma buƙatar ƙara murya fiye da yadda aka saba a baya.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, na fuskantar barazanar raunin ji saboda yadda suke sauraro.

Rahoton da ta fitar a 2021 ya ce mutane miliyan 430 ne a duniya ke da raunin jin da ke buƙatar kulawa, kuma adadin zai iya haura miliyan 700 nan da 2050.

Wani rahoton hukumar na 2024 ya ce a yankin Afirka akwai kimanin mutane miliyan 40 masu wannan lalura, kuma za su iya kai wa miliyan 54 nan da 2030.

A arewacin Najeriya akwai wasu abubuwan da ke raunana ji tun kafin a zo ga iyafis, kamar ƙyanda, da ciwon kunne mai fitar da mugunya, da wasu magunguna idan aka sha su barkatai, da kuma sanƙarau.

A watan Maris na 2025 gwamnatin jihar Kebbi ta tabbatar da ɓarkewar sanƙarau a ƙananan hukumomin Gwandu da Jega da Aliero. Raunin ji na cikin illolin da cutar ta fi bar wa waɗanda suka warke, don haka irinsu sun fi kowa buƙatar tattalin abin da ya rage musu.

Mai igiya ko mara igiya?

Tun bayan da Apple ya cire ramin iyafis daga wayar iPhone 7 a 2016, ya kuma fito da AirPods, iyafis mara igiya mai amfani da Bluetooth ya zama abin yayi.

Kamfanoni da dama sun shiga wannan kasuwa da kaya masu sauƙin kuɗi, ciki har da Oraimo na rukunin Transsion, masu wayoyin Tecno da Itel da Infinix.

Mara igiya yana da daɗin sha'ani ga mai aikin hannu, domin babu abin da zai sarƙe shi. Amma yana da sharuɗɗa.

Na farko, sai da caji. Yawancinsu kan yi sa'o'i 4 zuwa 6 kafin a mayar da su cikin akwatinsu, shi ma akwatin yana buƙatar wuta. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ƙarin kuɗi ne a wurin mai cajin waya.

Na biyu, batirin da ke ciki ƙarami ne, yana rauni bayan shekara biyu zuwa uku, kuma galibi ba a iya sauya shi. Zafin watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da yanayi kan haura digiri 40 a Kebbi da Sakkwato, yana ƙara saurin lalacewarsa.

Na uku, wayoyi da yawa ba sa kama tashoshin FM sai an jona musu iyafis mai igiya, domin igiyar ce ke zame musu eriya. Wanda ya saba sauraron Equity FM ta Birnin Kebbi ko Rediyo Rima ta Sakkwato a wayarsa, mara igiya ba zai biya masa wannan buƙata ba.

Haka kuma tsofaffin na'urorin MP3 da ƙananan rediyoyi masu memori da yawa ba su da Bluetooth sam.

A taƙaice, idan kuɗin ɗaya ne, mai igiya ya fi ba da kyan sauti, domin kuɗin bai tafi wajen batir da sauran tarkace ba.

Baki da rubutun kwali

Bakin iyafis da aka fi sani shi ne mai kaurin milimita 3.5. Idan aka duba shi za a ga zobba baƙaƙe ko farare.

Mai zobe biyu na sauraro ne kawai. Mai zobe uku yana da makirfon na amsa kira.

Masu zobe ukun ma iri biyu ne, domin tsofaffin wayoyin Nokia da Sony Ericsson sun bi wani tsari dabam da na yawancin wayoyin yanzu. Idan aka haɗa waɗanda ba su dace ba, sai a ji sauti kamar daga cikin rijiya, muryar mai magana ta dusashe. Ba lalacewa ba ce, rashin dacewa ne.

Wayoyin da ba su da rami kuwa, sai an nemi iyafis mai bakin caji na USB-C, ko ɗan abin da ke haɗa su, kuma ba kowanne ne ke aiki da kowace waya ba.

A jikin kwali akan rubuta cewa iyafis yana fitar da sauti daga 20 zuwa 20,000. Wannan shi ne iyakar abin da kunnen matashi mai lafiya ke ji, kuma kusan kowane kamfani yana rubuta shi, don haka ba ya nuna inganci.

Akwai kuma wata lamba, galibi 16 ko 32, da ke nuna yadda iyafis ke turje wa lantarki. Duka biyun sun dace da waya da ƙaramar na'ura.

Wasu kwalaye na ɗauke da alƙawarin cewa iyafis na kashe hayaniya da kansa. Wannan fasaha gaskiya ce, kuma ta fi tasiri a kan ƙugi mai ɗorewa irin na inji, amma rubuta ta a kwali bai tabbatar da tana ciki ba. Sai an gwada.

Jabu da yadda ake gwaji

Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma a wannan kasuwa tsada ma ba shaida ba ce, saboda yawan jabun kaya masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni.

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, ita ce ke da alhakin tantance kayan da ake shigowa da su, ƙarƙashin wani tsari da ta ɓullo da shi a 2005. Sai dai ƙananan kaya irin waɗannan suna shigowa da yawan da ya sa mai saye ba zai dogara da hukuma kaɗai ba.

Idan aka ga sunan babban kamfani a kan farashin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na ainihin kuɗinsa ba, to ba shi ba ne. Gara kayan ƙaramin kamfani da ya sa sunansa na gaskiya.

Kafin a biya, ya kamata mutum ya gwada da tasa na'urar, ba ta mai shago ba, kuma da abin da kunnensa ya riga ya sani.

A fara da magana zalla, kamar karatu ko labarai, a rabin murya. Idan kalmomi sun fito tar, ba tare da tsatsa ko amsa-kuwwa ba, an wuce matakin farko.

Sannan a sa kiɗa. Amon kalangu ko kotso zai nuna kaurin sautin, kuntigi ko kukuma kuma su nuna sirantarsa. Idan kaurin ya danne muryar mawaƙi, iyafis ɗin zai sa a riƙa ƙara murya.

A cire na dama a saurari na hagu, sannan a juya, don tabbatar da ƙarfinsu ɗaya. A kuma murɗa igiyar a gindin bakinta, domin a nan ta fi tsinkewa. Wanda bakinsa ke da lanƙwasa, da roba mai kauri a gindi, ya fi jure zaman aljihu.

Tsafta da kan hanya

Iyafis mai roba yana ɗebo dattin kunne, yana kuma iya tura shi ciki. Ya kamata a riƙa cire robar ana wanke ta da ruwa da sabulu, a bar ta ta bushe sosai. A lokacin hunturu, ƙura kan toshe 'yar ragar da ke bakinsa, sauti ya ragu, mutum ya ɗauka lalacewa ya yi.

Aron iyafis, wanda ya zama al'ada tsakanin abokai, yana iya yaɗa ƙwayoyin cuta. Mai ciwon kunne ko mai fitar da ruwa ya dakata da amfani da shi har sai ya warke.

Toshewar da ke zama alheri a cikin ɗaki ko cikin mota, haɗari ce a kan titi. Ɗan acaba ko mai tafiya a ƙafa da ya toshe kunnuwansa biyu ba zai ji odar tirela ba.

Dokokin hanya na Najeriya sun haramta amfani da waya a lokacin tuƙi, kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, na kama masu yin haka.

Abin da za a kiyaye

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada murya ta wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarshen abin da na'ura ke iya bayarwa, kuma a riƙa hutar da kunne lokaci zuwa lokaci.

Idan wanda ke zaune kusa da kai yana jin abin da kake saurara, ko kuma sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, to sautin ya yi yawa.

Barci da iyafis a kunne, ko da karatu ake saurara, yana ƙara sa'o'in da kunne ke aiki ba tare da an sani ba. Na'urori da yawa suna da agogon da ke kashe su da kansu.

Yara kuma sun fi buƙatar sa ido, domin ba sa gane lokacin da ƙara ta wuce kima.

Wanda ya lura da ƙugi a kunne da ya ƙi tafiya, ko raguwar ji, ya nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999.

Idan kuwa ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, wannan lamari ne na gaggawa, domin magani ya fi tasiri a kwanakin farko. Ɗiga mai ko ruwan ganye, ko sosa kunne da tsinke ko gashin kaza, ƙara dagula al'amura yake yi.

Ranar 3 ga watan Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya, wadda ake amfani da ita wajen faɗakar da jama'a muhimmancin gwada kunne tun kafin a ga matsala.

Na'urar taimaka wa mai ƙarancin ji ta ninka kuɗin iyafis mafi kyau a kasuwar Jega sau da yawa, kuma ko an same ta, ba ta mayar da ji yadda yake a da.